Haɗin Gambiza: Labarin Kekenmu



Duk wanda ya taɓa wucewa ta gindin darbejiyar da ake jingine kekuna a bakin ƙofar makaranta ya san shi. Baƙi ne dogo, fedarsa ta itace, madigadinsa ruwan ɗorawa, a bayansa kuma ga faifan CD yana walƙiya. 'Yan aji uku ne suka raɗa masa suna Haɗin Gambiza, sunan kuwa ya bi shi har cikin kasuwar Aujara. To, kekenmu ne. Mu huɗu ne masu shi, 'yan gida ɗaya, kakanmu ɗaya. Da farko in aka kira sunan nan sai mu ji kamar ƙasa ta tsage mu shige. Yanzu mu ma da shi muke kiran sa. Mun roƙi shugabannin ƙungiyar 'yan jarida su ba mu fili a wannan allo mu ba da labarinsa, domin akwai abin dariya a ciki, akwai kuma wanda ba na dariya ba.

Abin da ya sa muka nemi keke

Ƙauyenmu yana can bayan gari. In da ƙafa za mu zo, da an sallame sallar asuba sai mu kama hanya, in ba haka ba taron safe ya wuce mu. Rabin hanyar kuma yashi ne. Malaminmu ya taɓa gaya mana cewa sunan jiharmu ma daga irin wannan ƙasa mai tudun rairayi aka samo shi, wato jigawa. Mu kam ƙafafunmu sun riga kunnuwanmu sanin haka.

Yayyenmu da suka riga mu shiga sakandare, ranar da suka makara akan haɗa musu kuɗin acaɓa. Mu ba mu tarar da wannan gata ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kuɗin acaɓa ya fi ƙarfin gidanmu. Keke ɗaya ne a gidan, Phoenix ɗin Baffa, shi kuma mutum biyu yake ɗauka. Sai muka riƙa yin karɓa-karɓa: yau biyu su hau biyu su taka, gobe a juya. Kullum sai an yi rigima a kan ranar waye, kullum kuma biyu daga cikinmu suna cikin masu tsintar leda a filin makaranta saboda latti.

Wata rana Kaka ya gaji da ƙararmu, ya ce mu shiga ɗakin ajiya mu sauko da abin da ke rataye a bango. Muka sauko da shi duk ƙura da yanar gizo-gizo. Tsohon kekensa ne, Raleigh, wanda ya saya da kuɗin gyaɗa tun yana saurayi, yake zuwa cin kasuwar Gujungu da shi. Da muka goge gabansa sai ga tambarin kan zalɓe ya fito. Kaka ya ce asalin kamfanin a birnin Nottingham na Ingila yake, daga baya har a Kano ya yi masana'anta, kuma a zamaninsu saurayi mai Raleigh ko tafiyarsa daban ce.

Sai dai abin da ya rage na keken kaɗan ne: gangar jikin, da kan, da fok, da ƙafafun biyu babu taya. Babu sarƙa, babu sirdi, babu kariya, babu madigadi. Feda kuwa sai ƙarfen tsakiyarta kaɗai, tsirara kamar ɗan yatsa.

Muka tura shi har wajen Baba mai faci na bakin kasuwa. Ya lissafa mana kuɗin sababbin kaya, muka dubi juna. Abin da muka tara na ƙwadagon roron gyaɗa da cirar zoɓo, tayoyi da tiyub da sarƙa kawai zai saya. Baba ya ga jikinmu ya yi sanyi, sai ya ce, "Samari, abin da ba za ku iya saya ba, ku nemi wanda zai yi muku shi. Garin nan akwai maƙera, akwai masassaƙa, akwai dukawa. Keke ba aljani ba ne, mutum ne ya haɗa shi."

Yadda aka haɗa gambizar

Da feda muka fara. Muka sari reshen darbejiya ɗanye, muka huda shi, muka zura a ƙarfen. Ranar farko har da tafi. Ba a yi sati biyu ba ya bushe ya tsage gida biyu, babbanmu yana cikin tuƙi ƙafarsa ta zame, ƙarfen ya kwashe masa fatar ƙwauri. Muka kai ɓallin wajen tsohon da ke sassaƙa turmi da taɓarya a unguwarmu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗanyen itace in yana bushewa tsukewa yake yi, shi ya sa yake tsagewa. Ya ɗauko guntun ƙirya busasshe da ya rage masa, ya sassaƙa mana guda biyu daidai tafin ƙafa, ya yi musu tsaga-tsaga a sama don kada takalmi ya zame. Daga nan ya tura mu maƙera. Maƙerin ya gasa ƙarfe har ya yi ja, ya huda su kamar yadda yake huda ƙota, sannan ya ɗaura wa kowace zoben ƙarfe a baki biyu don ko ta so tsagewa zoben ya hana ta. Baba mai faci ya sa wasa da noti a ƙarshe, ya cusa giris. Yau fiye da shekara guda ke nan, fedar nan ko gezau. Aibinta ɗaya: in giris ya ƙare takan yi kuka, ƙii-ƙii, har mutanen gona su san mun taho.

Sirdi kuwa, mun samu ƙarfensa da sifirin ɗinsa a cikin tarkacen Baba, sun yi tsatsa amma da ransu. Baduku ya ɗinka masa riga da fatar akuya, ya cusa audugar rimi a ciki. Ku gwada taɓa sirdin roba da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, sannan ku taɓa namu, za ku ji bambanci. Amma ba ya son ruwa. In ya jiƙe yakan yi kwana biyu bai bushe ba, shi ya sa da damina za ku ga mun rufe shi da leda.

Kariya mai walda ne ya yi ta da ragowar rodin gini. Mu muka zana masa a ƙasa da tsinke, muka ce ya ƙara mata tsawo don ta ɗauki mutum da jakunkuna biyu. Shi kuma ya ƙara abin da ba mu yi tunani ba: 'yan matakai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, inda wanda aka goya zai ɗora ƙafa. Ya ce ya ga yara da yawa da diddigensu ya shiga cikin wayoyin ƙafar baya, kuma raunin ba ya warkewa da wuri. Kariyar ta fi ta kanti nauyi, gaskiya ne, amma ba ta taɓa lanƙwashewa ba.

Madigadi mu muka yi da kanmu. Wata jarkar man gyaɗa ce ta fashe a gida. Muka yanka ta dogo-dogo da wuƙa mai zafi, muka kara a kan garwashi har ta yi laushi, muka lanƙwasa ta a jikin taya, muka riƙe har ta huce, sannan muka huda muka ɗaure da waya. Ita ce ta fi jawo mana dariya. Amma ranar da aka yi ruwa, ku dubi bayan rigar masu kekunan da ba su da madigadi, za ku ga jan layin taɓo tun daga ƙugu har wuya. Tamu rigar fes take isowa.

Sai babbar matsalar hanyarmu, wato ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa ba su san sabuwar taya ba. A watan farko kuɗin faci ya kusa cinye kuɗin tararmu. Baba da kansa, wanda faci ne abincinsa, shi ya koya mana dabara. Ya ɗauko tsohuwar taya da ta suɗe, ya yanke gefunanta biyu masu waya, ya shimfiɗa ta a cikin tayarmu kafin ya sa tiyub. Taya ta zama riɓi biyu, ƙaya sai ta ratsa biyu kafin ta kai ga iska. Keken ya ƙara nauyin tuƙi, musamman a cikin yashi, amma yanzu sai mu yi wata ba mu nemi sholisho ba.

Fitila kuma tocila ce muka ɗaure a kai da robar tsohon tiyub. Faifan CD na baya, in hasken mota ko babur ya dake shi sai ya walƙa, direba ya san akwai mutum a gabansa.

Da aka gama, rigima ta ƙare a gidanmu. Biyu a Phoenix, biyu a Gambiza. Zango guda cur ba a rubuta sunan ko ɗayanmu a cikin 'yan latti ba.

Inda muka yi kuskure

Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da muka ga madigadinmu ya yi kyau, mutane har suna tsayar da mu suna tambaya, sai kanmu ya fara girma. Muka ɗauka babu abin da ba za mu iya yi wa keke ba.

A farkon damina robobin birki suka cinye, in an matse sai ka ji ƙarfe yana gugar ƙarfe. Robar birki ba ta da tsada. Gaskiyar magana, muna da kuɗin a hannu, amma muka ce don me za mu saya alhali ga tsohon silifa shuɗi a bayan ɗaki? Wata Asabar muka yanka shi gida huɗu da reza, muka cire tsofaffin robobin, muka cusa namu gaba da baya. Ba mu tambayi kowa ba. Muka gwada a tsakar gida, a busasshiyar ƙasa, mutum ɗaya a kai, yana tafiya a hankali. Keke ya tsaya cak, ko ƙara babu. Muka sayi rake da kuɗin.

Ranar Talata ta makon jarrabawar zango na uku, an kwana ana ruwa. Babbanmu ne ke tuƙa Gambiza, ya goya ƙaraminmu da muke kira Auta, wanda a lokacin yake aji ɗaya. Sauran biyun suna biye a Phoenix. Akwai wani gangare kafin kwalbati a hanyarmu, inda burji yake santsi in ya jiƙe. Muna saukowa sai ga amalanken shanu ɗauke da garma ya fito daga gona ya tare hanya. Babbanmu ya matse birkin baya. Na bayansa suka ga wani abu shuɗi ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa. Ya matse na gaba har ƙarfen ya taɓa kan keken, amma keke bai ko rage gudu ba. Don kada su shige ƙarƙashin shanun, sai ya karkatar da kai gefe. Suka faɗa ramin kwalbatin.

Babbanmu ya kuje a gwiwa da goshi. Auta kuwa a kan hannunsa na hagu ya faɗi. Bai yi kuka nan da nan ba, ya zauna yana kallon hannun, wanda ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Har yau in muka rufe ido muna ganin wannan hannu. Mai amalanken ne ya sauke garmarsa ya ɗauke shi zuwa gida, daga can aka wuce da shi asibiti aka ɗaure karayar. Darussa uku ya rasa a jarrabawar.

A nan muka ƙara kuskure a kan kuskure. Da aka tambaye mu, muka ce akuya ce ta gifta. Auta ma, da yake ba ya son a dake mu, ya ce akuya ce. Mahaifinsa, wanda sauranmu muke kira Baffa, ya ce, "Karatun da zai karya mini yaro a bar shi. In ya warke ya zauna ya taya ni kiwo." Baffa ba mai yawan magana ba ne, kuma in ya faɗa ya faɗa. Auta kuwa shi ya fi mu duka ƙoƙari. Tun yana firamare ba ya wuce na uku, kuma shi ke koya mana lissafi duk da mun girme shi. Da ya ji maganar, sai ya juya fuskarsa bango. A ranar ne ya yi kukan da bai yi a kwalbati ba.

Abin da Baba mai faci ya gani

Bayan kwana biyu muka tura keken wajen Baba don ya miƙar da ƙafar gaba da ta karkace. Muka ba shi labarin akuya. Bai ce komai ba. Ya tsuguna ya duba birkin baya, ya ga gidan robar wayam. Ya duba na gaba, ya sa filaya ya zaro wani yagaggen abu shuɗi, ya ɗaga shi sama.

"Akuyar nan," in ji shi, "silifa take sawa?"

Babu wanda ya iya ɗaga kai.

Ya ce mu matso, ya nuna mana kuskure biyu. Na farko, silifa soso ne. Yana da laushi, in an matse shi da ƙarfi lotsewa yake yi ya yage, in kuma ƙarfen ƙafar keke ya jiƙe sai ya riƙa sulɓi a kai kamar sabulu. Ko robar kanti ma, in ji shi, ƙarfinta yana raguwa a jiƙaƙƙen ƙarfe, balle soso. Na biyu, ɗan gidan ƙarfen da robar ke zama a ciki bakinsa ɗaya a rufe yake, ɗaya a buɗe. Dole rufaffen ya kasance ta wajen da ƙafar ke juyawa, don in an matse, juyin ya ƙara tura robar ciki. Mu da muka kwance na baya, sai muka mayar da shi a juye. Da babbanmu ya matse, ƙafar da kanta ce ta fizge silifan ta jefar.

Muka ce, "Baba, ke nan laifin kayan hannu ne? Da na kanti muka sa da ba haka ba?"

Ya ce, "A'a. Ni ma nakan yanka robar birki da tayar mota, kuma tana ci. Laifinku shi ne ba ku san wane kaya ake wasa da shi ba. Kayan keke iri uku ne. Akwai wanda in ya lalace kunya kawai za ka ji, kamar madigadi da sirdi. Wannan ku yi duk yadda kuka ga dama. Akwai wanda in ya lalace za ka tura keke zuwa gida, kamar sarƙa da taya. Wannan ku yi, amma ku nuna wa wanda ya sani. Akwai kuma wanda in ya lalace jini ne zai zuba: birki, da fok, da kan keke, da notin da ke riƙe ƙafa. Wannan ba a koyon sa a kan mutum." Sannan ya ce, "Ku je ku faɗa wa iyayenku da bakinku, kafin su zo su tambaye ni. Ni ba zan yi musu ƙarya ba."

A daren, bayan sallar isha, muka sami Kaka da Baffa a zaure muka durƙusa. Babbanmu ya fara, muryarsa ta sarƙe, na biye da shi ya ƙarasa. Muka faɗi komai, har da raken. Mun zaci duka za mu sha, mun ma fi son a dake mu a wuce wurin. Baffa ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tashi ya shiga gida. Kaka ya ce, "Keken nan shekara da shekaru ina hawan sa bai taɓa kayar da ni ba. Ba shi ya karya yaron nan ba." Wannan magana ta fi bulala zafi.

Gwaji a gaban Baffa

Duk dogon hutun nan, in mun dawo daga gona sai mu tafi rumfar Baba. Ba ya biyan mu, mu ma ba ma biyan sa. Muna miƙa masa sifana, muna buga famfo, muna kallo. Ya yanka sababbin robobi daga tsohuwar tayar mota, ya fere su ƙasansu ya fi samansu faɗi don su kama gidansu, ya buga su ciki da guduma, ya sa mu muka ɗaura da hannunmu yana tsaye. Ya kankare fentin fok ɗin ya duba ko faɗuwar ta tsaga shi. Ya ce da ya ga tsaga ko kamar silin gashi, da sai dai a nemi wani, domin shi ba ya yarda a ɗora yara a kan fok mai walda.

Ya kuma koya mana gwaji uku. Na farko, ka tura keke ka matse birki ɗaya: ƙafar ta tsaya cak, kuma hannun birkin kada ya kai ga taɓa kan keken. Ka yi wa ɗayan ma haka. Na biyu, ka zuba ruwan buta a ƙafafun ka sake gwadawa. Na uku, ka ɗaura buhun yashi mai nauyin mutum a kariya, ka sauko gangare da shi. Ya ce, "In abu zai faɗi, gara buhu ya faɗi."

Saura mako guda a koma makaranta, Kaka ya sa baki, Baffa ya yarda ya bi mu har gangaren kwalbatin. Muka jiƙa ƙafafun keken, muka ɗaura buhun yashi, muka ja layi a ƙasa da sanda. Babbanmu ya sauko da gudu ya matse, keke ya tsaya kafin layin. Baffa ya ce a sake. Aka sake har sau uku. Sai ya naɗe babbar rigarsa ya hau da kansa, fedar ƙirya tana kuka ƙii-ƙii a ƙarƙashinsa. Da ya tsaya ya sauko, bai dube mu ba, ya ce, "Ku sa wa fedar nan mai." Daga baya ya gindaya sharaɗi biyu: kowace Asabar a yi gwajin birki a gabansa, kuma in an zo wannan gangare da damina, wanda aka goya ya sauka ya taka.

Ranar da aka koma, mu huɗu muka shigo ƙofar makaranta. Muna godiya ga hukumar makaranta da ta ba Auta dama ya rubuta darussan da ya rasa. Yanzu yana aji biyu. Hannun ya warke, sai dai in sanyin hunturu ya sauko yakan ce yana yi masa tsami. In ya faɗi haka, duk sai mu yi shiru.

Ashe ba mu kaɗai ba ne

A wannan zangon malaminmu na Kimiyya da Fasaha ya ji labarin, ya sa muka shigo da Gambiza cikin aji. 'Yan ajin suka fashe da dariya. Ya bari suka gama, sannan ya ce kakan kekunan duniya, wanda wani Bajamushe mai suna Karl Drais ya ƙera a 1817, da itace aka yi shi, ko feda ba shi da ita, da ƙafa ake tunkuɗa ƙasa. Irin keken da muka sani yau, mai sarƙa zuwa ƙafar baya, sai a 1885 John Kemp Starley ya fito da shi a birnin Coventry na Ingila. Taya mai iska kuwa wani likitan dabbobi ne a Belfast, John Boyd Dunlop, ya haɗa ta da hannu saboda keken ɗansa mai ƙafa uku, ya yi mata rajista a 1888. Abin da ya fi shiga ranmu shi ne, kafin ya ɗora ɗansa a kai, sai da ya naɗa ta a jikin faifan katako ya gangara ta a tsakar gida tare da tsohuwar ƙafar, ya ga wadda ta fi nisa. Shi ma ya yi gwajin buhun yashinsa ke nan.

Malam ya ce a Kumasi ta ƙasar Ghana ana yin gangar jikin keke da gora. A birnin Goma na Kwango kuma akwai wani keken katako da ake kira chukudu, wanda ake dakon kaya masu nauyi da shi, har gunkinsa aka kafa a tsakiyar gari. Ya ce mu ma ba sai mun je nesa ba. Keken nan mai ƙafa uku da masu lalurar shan inna ke hawa, wanda muke gani a kasuwa, ku dube shi da kyau: an ɗauke feda daga ƙasa an kawo ta daidai ƙirji don a juya da hannu, sarƙa kuma ta sauka zuwa ƙafar gaba. A Kano akwai Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shi ma cutar ta shafa, shi da 'yan ƙungiyarsu sun daɗe suna yanka bututun ƙarfe suna walda irin waɗannan kekuna da hannunsu. Mutum nawa ne suka je makaranta da kasuwa a kansu? Da Malam ya gama, waɗanda suka fi kowa dariya su ne suka fara zuwa taɓa fedar.

Roƙonmu

'Yan'uwa masu kekuna, mun zaga gindin darbejiyar nan mun duba. Ba Gambiza kaɗai ce gambiza ba. Akwai mai ƙusa a madadin noti, akwai mai sirdin tsumma, akwai mai riƙon kai na tiyo. Wannan duk ba abin kunya ba ne, da babu gara ba daɗi, kuma da yawanmu ba don irin waɗannan dabaru ba da tuni mun daina zuwa. Amma mun ga kekunan da ba su da birki ko ɗaya, masu su da takalmi suke taka taya su tsaya, kuma suna goyon ƙannensu. Don Allah, yau kafin ku hau, ku yi gwajin farko ko shi kaɗai ne. Ba ya cin minti ɗaya.

Malamanmu, muna roƙo in da hali a samar mana ɗan akwati a ofis, mai famfo da sifana da filaya da sholisho. Mu huɗu mun yi alkawarin kula da shi, kuma duk ranar Alhamis lokacin tara za mu tsaya a gindin bishiyar mu duba birkin duk wanda yake so, kyauta. Abin da ya fi ƙarfinmu za mu ce ya fi ƙarfinmu, mu tura shi wajen masu gyara.

Masu kiran kekenmu Haɗin Gambiza kuma, ku ci gaba, ba ma fushi. In kuna son ku gwada fedar ƙirya, ku same mu bayan an tashi. Sharaɗi ɗaya ne: sai kun matse birki mun gani kafin ku hau.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.